Bikin ƙauye da lissafin makaranta: yadda bazara ke tafiya a ƙauyen Ingila

Wanda ya shiga ƙauyen Ingila a watan Yuni, kafin ya kai tsakiyar gari zai ci karo da allo a bakin hanya ɗauke da rana da lokaci: Asabar kaza, ƙarfe biyu, a filin wasa. Tallar bikin ƙauye ke nan, wanda suke kira fete, kalmar da suka aro daga Faransanci. Baƙo zai ga rumfuna da ƙananan tutoci rataye a igiya, ga kek a kan tebur, ga yara suna tsere cikin buhu, sai ya ɗauka nishaɗi ne kawai. Nishaɗin yana nan, amma yinin nan guda ɗaya a ɗaure yake da tambayar da ta fi damun ƙaramin ƙauye, wato ko makarantar firamarensa za ta ci gaba da buɗe ƙofa. Shi ya sa a mujallar wata-wata da ake rabawa gida-gida, labarin biki da labarin makaranta kusan kullum a shafi ɗaya suke.

Bazararsu ba irin tamu ba ce. Watannin Yuni, Yuli da Agusta ne, lokacin da sanyi ya ja baya, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare a ƙarshen Yuni, ciyawa ta yi shar, ruwa kuma yana iya sauka a kowace sa'a. Wannan ɗan tsakanin ne kaɗai ake iya tara jama'a a fili ba tare da kowa na rawar ɗari ba, don haka duk wani taron shekara a nan ake cusa shi.

Masu ruwa da tsaki ba su da yawa. Akwai majalisar ƙauye, matakin mulki mafi ƙanƙanta, wadda dokar 1894 ta kafa, kuma akwai irinta kusan 10,000 a Ingila. Ita ke kula da filin wasa da kujerun bakin hanya, da ɗan kason da take samu daga harajin gidaje. Akwai cocin ƙauye, da kwamitin zauren taro, da ƙungiyar mata ta WI wadda ta fara a Birtaniya a 1915, sai kuma ƙungiyar iyaye da malamai, PTA. A ƙauyen da bai kai mutum dubu ba, fuskoki goma zuwa sha biyar ne ke zagaya waɗannan kwamitocin duka, ba a biyansu ko kwabo. Idan uku daga cikinsu suka tsufa ko suka ƙaura a shekara ɗaya, biki na iya mutuwa.

Inda kuɗin makaranta yake fitowa

Gwamnati tana ba makaranta kuɗi ne bisa kan ɗalibi. A shekarar 2024 zuwa 2025, kason tushe na yaron firamare ya ɗan haura fam 3,500, sannan kowace makaranta tana samun dunƙulallen kuɗi kusan fam 134,000 ko da ɗalibanta nawa ne. Akwai ƙarin tallafi ga makarantar da take ƙarama kuma a keɓe, wato wadda matsakaicin yaran kowane matakin aji bai wuce 21 ba, kuma makaranta ta gaba mafi kusa tana da nisan mil biyu ko fiye. Ana ƙirga yara ne a ranar Alhamis ta farko a Oktoba, kuma adadin ranar shi ke yanke kuɗin shekara mai zuwa.

A ce makaranta tana da yara 60. Goma sha biyu suka gama aji shida a Yuli, shida kacal suka shigo ajin farko a Satumba. An rasa shida ke nan, kuɗin da ya tafi ya haura fam 21,000, alhali albashin sabon malami a 2024 fam 31,650 ne. Wutar lantarki ba ta ragu ba, ɗumama ajujuwa bai ragu ba, rufin da ke yoyo yana nan. Babbar makarantar birni mai yara 400 ba za ta ji wannan giɓin ba, amma a ƙauye yana nufin a sallami mataimakiyar malama, ko a haɗa azuzuwa uku su koma biyu. Dama can haɗa shekaru a aji ɗaya shi ne tsarin irin waɗannan makarantu: malama ɗaya da 'yan shekara bakwai zuwa tara, ko ma bakwai zuwa sha ɗaya, tana shirya darasi ɗaya a matakai uku.

Me ya sa yara ke raguwa? Haihuwa ta yi ƙasa, domin a 2023 matsakaicin haihuwar mace a Ingila da Wales 1.44 ne. Gidajen ƙauyuka masu kyau kuma sun fi ƙarfin matasa ma'aurata. Masu ritaya da masu sayen gida na biyu don hutu su ne ke kwashewa. Tun 1998 akwai ƙa'idar cewa ba a rufe makarantar karkara sai an nuna hujja mai ƙarfi, amma ƙa'idar ba ta hana rufewa ba, jinkirta shi take yi. Matakin da ake fara ɗauka shi ne haɗa makarantu biyu ko uku ƙarƙashin shugaba ɗaya. Duk lokacin da mujallar ƙauye ta ce za a yi taron jin ra'ayin iyaye kan makomar makaranta, to lissafi ya riga ya ƙi fita.

A nan PTA ke shigowa. Kuɗinta ba ya biyan albashi, kuma bai kamata ya biya ba. Abin da yake toshewa shi ne ɓarakar da doka ta bari a buɗe: makaranta ba ta da ikon tilasta wa iyaye biyan kuɗin ziyarar ilimi da aka yi a lokacin karatu, sai dai ta nemi gudummawar ganin dama, kuma ba a barin yaro a baya don iyayensa ba su bayar ba. Manhaja ta ce kowane yaro ya iya ninkaya ta mita 25 kafin ya bar firamare, alhali wurin ninkaya yana gari mai nisa, hayar bas kuwa kuɗinta ɗaya ne ko yara 15 ta ɗauka ko 50. Bas, littattafan karatu, lilon filin wasa, waɗannan su ne abin da ribar biki ke saya. Ƙauyen Kettlewell da ke Yorkshire misali ne sananne: a 1994 suka fara bikin mutum-mutumin gona don tara wa makarantarsu kuɗi, yanzu kowane Agusta baƙi na tururuwa su zagaya gari suna kallon mutum-mutumin da aka jera a ƙofar gidaje.

Zangon ƙarshe

Zangon bazara yana farawa bayan hutun Ista, ya ƙare wajen 20 zuwa 23 ga Yuli, da hutun mako guda a ƙarshen Mayu. Labaran da makaranta ke aika wa mujalla a wannan zangon suna bin jadawalin da ba ya canzawa. A tsakiyar Mayu 'yan aji shida, masu shekara 10 zuwa 11, suna zana jarrabawar SATs a karatu, nahawu da lissafi. Sakamako yana fitowa a Yuli, makin yana tsakanin 80 da 120, kuma 100 shi ne mizanin da ake so. A Yuni 'yan aji ɗaya suna gwajin haɗa baƙi: kalmomi 40, rabinsu na gaske, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana don a tabbatar yaro haɗawa yake yi ba hadda ba, kuma shekara da shekaru makin cin gwajin 32 ne. 'Yan aji huɗu kuma suna gwajin sau a kwamfuta, tambaya 25, daƙiƙa shida ga kowace, har zuwa 12 sau 12.

Akwai abin lura game da sakamakon ƙaramar makaranta. Idan yara takwas ne a aji shida, kowane yaro kashi 12.5 cikin ɗari ne. Biyu su yi zazzaɓi a makon jarrabawa, sai a ga makaranta ta faɗo da kashi 25, iyayen da ke neman wa ɗansu gurbi su duba intanet su juya. Wannan rashin adalci ne ga malaman karkara, kuma duk mai son auna irin wannan makaranta gara ya duba shekaru uku a jere, ya kuma je ya gani da idonsa.

Sauran zangon na bankwana ne da maraba. Ranar wasanni, da tseren buhu da na ƙwai a cokali, waɗanda duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san su. Yinin da 'yan aji shida ke zuwa ganin sakandarensu, galibi a farkon Yuli, 'yan shekara huɗu kuma su zo su ga ajin da za su shiga. Rahoton shekara na kowane yaro. Sai taron yaye ɗalibai, wanda sau da yawa a coci ake yi, domin kusan ɗaya cikin huɗu na firamaren Ingila na Cocin Ingila ne, kuma a karkara rabon ya fi haka.

Takardu kafin rumfuna

Kwamiti mai hankali tun Janairu yake tsayar da rana. Ana duba kada ta yi karo da bikin ƙauyen maƙwabta ko wasan kurket na gida a fili ɗaya, sannan a kama tanti da masu agajin gaggawa da wuri, don Asabar ɗin Yuni da farkon Yuli ba su fi shida ko bakwai ba, kowa kuma su yake nema.

Abu na farko inshora ce, wadda za ta biya idan baƙo ya ji rauni. Masu fili sukan nemi wadda ta kai fam miliyan biyar. Yawancin PTA suna samunta ta hanyar zama mamba a Parentkind, uwar ƙungiyoyin PTA, amma kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka cewa ta rufe kowa. Mai sayar da abinci daga waje da mai kawo dokin hawa dole kowannensu ya nuna tasa takardar. Tare da ita ake rubuta takardar auna haɗari: igiyar tanti da za ta harɗe ƙafa, wayar janareta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, mota da yara a ƙofa ɗaya, da wanda aka ɗora wa kowane.

Idan za a sayar da giya, sai an aika wa ƙaramar hukuma sanarwar taro na wucin gadi bisa dokar lasisi ta 2003. Kuɗinta fam 21, mahalarta kada su kai 500 a lokaci guda har da ma'aikata, kuma a miƙa ta aƙalla kwanakin aiki goma kafin taro. A nan ake tuntuɓe, domin ranar da aka miƙa da ranar taron ba sa cikin lissafi, haka Asabar da Lahadi da ranar hutun ƙasa. Wanda ya makara yana da damar sanarwar gaggawa tsakanin kwanakin aiki biyar zuwa tara kafin taro, sai dai idan 'yan sanda ko jami'an lafiyar muhalli suka ƙi, babu zaman sauraro, magana ta ƙare. Dabarar cewa abin sha kyauta ne ga wanda ya sayi tikitin shiga ba ta fitar da kowa, doka tana ɗaukar hakan a matsayin sayarwa. Rufe hanya don jerin gwano kuwa, hukumomi da dama sukan nemi sanarwar makonni shida zuwa sha biyu.

Ƙuri'ar tikiti, inda ake sayen lamba a zaro wanda ya ci kyauta, tana ƙarƙashin dokar caca ta 2005, kuma iri biyu ce. Idan a wurin biki kaɗai aka sayar da tikiti, a ranar kaɗai, ba a buƙatar rajista, amma abin da za a cire daga kuɗin don sayen kyaututtuka kada ya wuce fam 500, na ɗawainiya kuma fam 100. Da zarar an sa littattafan tikiti a jakar yara su kai gida mako biyu kafin biki, an shiga iri na biyu: rajista da ƙaramar hukuma kan fam 40, sabuntawa fam 20 duk shekara, kowane tikiti ya ɗauki sunan ƙungiya da farashi da ranar zaro, ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 16, aƙalla kashi 20 cikin ɗari ya tafi ga abin da aka tara dominsa, sannan a kai rahoto cikin wata uku. Sabbin kwamitoci da yawa suna karya wannan doka ba da sani ba. Haka kuma ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. Rajistar tana da amfani, don ƙungiyar agaji tana iya karɓo kwabo 25 daga gwamnati kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar kyauta, ban da kuɗin tikiti ko na kek, tunda su ciniki ne.

Abin da ya fi kowane haɗari shi ne gidan iska da yara ke tsalle a ciki. A Maris 2016 a garin Harlow, iska ta tumɓuke irinsa da yarinya 'yar shekara bakwai a ciki, ta rasu, kuma a 2018 kotu ta ɗaure mutum biyu da ke kula da shi shekara uku-uku. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra a bayyane take: ba a amfani da shi idan iska ta haura mil 24 a sa'a, wato kilomita 38, kuma da na'ura ake aunawa a wurin, ba da hasashen waya ba. Wuraren ɗauri aƙalla shida, a yi amfani da dukkansu. Turakun ƙarfe su kai tsawon santimita 38 da kaurin milimita 16, in kuma a kan kwalta ne, kowane ɗauri ya samu nauyin kilo 163. Sai shaidar binciken shekara, da babban mutum a tsaye ba ya gusawa, yana raba manyan yara da ƙanana. Matsalar da ake samu ita ce mai haya ya kafa ya tafi, ya bar wa wani uba da ke kuma karɓar kuɗi. A ganina kwamitin da bai da mutum biyu na wannan aikin kaɗai, gara ya haƙura da shi.

Abinci ya fi sauƙi. Taron sau ɗaya a shekara ba ya buƙatar rajistar gidan abinci, amma abin da aka sayar dole ya zama lafiyayye. Kaza da tsiran nama su kai digiri 75 a tsakiya, don gawayi yana ƙona baya ya bar ciki ɗanye, shi ya sa gogaggu ke fara gasawa a obin. Abinci mai zafi a riƙe shi a digiri 63 ko sama, mai sanyi a 8 ko ƙasa, kuma abin da aka fitar daga firji kada ya wuce sa'a huɗu a waje. Kek mai kirim a cikin tanti da rana shi ne ke fara lalacewa. Akwai abubuwa 14 da doka ta lissafa masu tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da riɗi, don haka ana roƙon duk wadda ta kawo kek ta rubuta abin da ta zuba a kati.

Ranar kanta

Tun bakwai na safe ake kafa rumfuna, a buɗe da ƙarfe sha biyu ko biyu, a tashi wajen biyar. Wasannin tsofaffi ne kuma masu arha: jifan kwakwa a kan turke, wurga takalmin ruwa a ga wanda ya fi nisa, jan igiya, gasar karnuka, gasar kek da jam da kayan lambu, da shayi a zauren taro. Wasu yankuna suna da nasu na gado, kamar Tissington a Derbyshire, inda ake ƙawata rijiyoyin gari da hotunan da aka yi da furanni a kan laka.

Sirrin riba shi ne kayan kyauta. Rumfar kek da ta tsofaffin littattafai da ta shuke-shuke kusan duk abin da suka samu riba ne. Abin da aka yi haya kuwa sai ya fara biyan kansa: gidan iskar da aka ɗauka fam 120, ana karɓar fam biyu kan yaro, sai yaro na 61 ne ya fara kawo wani abu. Kowace rumfa a ba ta canji a akwati da takardar abin da aka ba ta, a riƙa kwashe kuɗi duk sa'a, mutum biyu su ƙirga tare su sa hannu. Yanzu mutane da yawa ba sa yawo da tsaba, kuma na'urar kati tana buƙatar sabis, wanda a filin ƙauye yakan yi rauni. A gwada ta a daidai wurin mako guda kafin ranar.

Ruwan sama ba ya hana biki, amma yana rage jama'a, ya kuma mayar da gonar da aka ara don ajiye motoci taɓo, shi ya sa ake roƙon manomi ya ajiye tarakta a kusa. Zafi ma ya shiga lissafi: ranar 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, makarantu da yawa suka soke ranar wasanni, wasu suka tashi da wuri.

Iyalan Musulmi da aikin jinya ko kula da tsofaffi ya kai irin waɗannan ƙauyuka sukan tsaya suna shakkar shiga. Akwai abin kiyayewa: gasasshen alade, rumfar giya, ƙuri'ar tikiti, da alewar da ake yi da sinadarin gelatin. Amma babu mai tilasta kowa, kuma akwatin gudummawa yana karɓar abin da za a ba wa tikiti. Kwamiti kullum hannu yake nema, wanda ya ce zai tsaya a rumfar shayi ko ya kawo abincin gida za a karɓe shi hannu bibbiyu. Game da makaranta, ranar Sallah tana cikin ranakun ibada da ake ba yaro izini idan an sanar tun da wuri.

Abin da ba a ba da izininsa shi ne tafiya hutu kafin a rufe makaranta. Tikitin jirgi ya fi arha a farkon Yuli, shi ya sa wasiƙar makaranta ke maimaita gargaɗi. Tun Agusta 2024, rashin zuwa na kwana biyar ba izini cikin makonni goma yana iya jawo tarar fam 80 kan kowane mahaifi, kan kowane yaro, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Uwa da uba masu yara uku fam 480 ke nan, kuma karo na uku cikin shekara uku yana iya kaiwa kotu.

Hutun makonni shida yana da nauyi ga gidan da ya dogara da abincin rana na makaranta. Tun 2021 akwai shirin gwamnati a duk Ingila da ke ba irin waɗannan yara wasanni da abinci, sa'a huɗu a yini, kwana huɗu a mako, na makonni huɗu, amma galibi a gari ake yi, kuma ƙauyen da bas ke shiga sau biyu a rana ba ya amfana sosai. Wasu kwamitoci suna ware wani abu daga ribar biki su buɗe zauren taro safiya ɗaya a mako don wannan.

Mujallar Satumba ita ke kawo lissafi: abin da aka samu, abin da aka kashe, yadda aka raba tsakanin makaranta da coci da zaure, da roƙon sabon ma'aji. A ƙasan shafin shugabar makaranta za ta yi maraba da sabbin yara ta faɗi adadinsu, ta kuma sanar da ranar da iyayen 'yan shekara uku za su zo su ga makaranta, domin neman gurbin baɗi yana rufewa 15 ga Janairu, amsa kuma ta fito 16 ga Afrilu.